Mai Juna Biyu Da Doguwar Tafiya Ta Mota Ko Jirgin Ruwa

'Yar'uwa, sau da yawa a ɗakin awo ana tambayarmu ko mai ciki za ta iya zuwa wata ƙasa ta mota, saboda tsadar kuɗin jirgin sama ko tsoron hawansa. Za ta iya, in dai cikin lafiya lau yake, amma kada ki ɗauka mota ta fi jirgi sauƙi ga jikinki. Tafiyar Kano zuwa Akara ta hanyar Legas, Kwatano da Lome, da tsayawa a iyakoki uku, kwanaki take ci.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga mako 14 zuwa 28. Kafin nan ga laulayi, kuma a watanni ukun farko ne ɓari ya fi yawa. Bayan nan kuwa ga nauyi, ga yiwuwar naƙuda ta taso a inda babu asibiti. In kina da hawan jini, ko kin taɓa zubar jini a wannan cikin, ko tagwaye ne, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ki haƙura sai likita ya amince.

Babban abin da muke jin tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Jinin mai ciki dama ya fi saurin daskarewa, kuma mahaifa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu. In aka haɗa da zama wuri ɗaya fiye da awa huɗu, haɗarin yana ƙaruwa, kuma gudan jinin zai iya ɓallewa ya toshe huhu. Don haka duk inda mota ta tsaya, ki sauko ki taka. In tana tafiya, ki riƙa motsa idon sawu. Mata da yawa kan ƙi shan ruwa don gudun fitsari a hanya, wannan kuskure ne babba. Ki sha, maigida kuma ya cire kunya ya roƙi direba ya tsaya. Bel ɗin kujera ki ɗaura shi a ƙarƙashin ciki, ɗaya ɓangaren ya bi ta tsakanin nono.

Jirgin ruwa yana da sararin takawa, amma yana tayar da amai, kuma in matsala ta taso a tsakiyar teku babu tiyata, babu ƙarin jini. Kada ki sha maganin hana amai sai wanda aka rubuta miki. Tsohuwar hanyar alhazai ta Chadi zuwa Sawakin zuwa Jidda kuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, ba hanyar mai ciki ba ce.

A iyaka ana neman katin rigakafin shawara. Ba a cika yi wa mai ciki wannan allura ba, saboda haka in ba ki taɓa yi ba, ki zo mu tattauna tun da wuri. Ki tafi da katin awonki, da maganin ƙarin jini, da gidan sauro, da ruwan sha mai tsabta.

In kin ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko motsin jariri ya ragu, a sauke ki a asibiti mafi kusa, ko a wace ƙasa kuke. Kada a ce sai an isa.