Ƙurungu, kifi mai kwalkwali

Ƙurungu kifi ne na ruwan daɗi. Ana samun shi a kogin Isa, tun daga Tilaberi har Gaya. Akwai shi kuma a Komadugu da tabkin Cadi. Shi ɗan'uwan tarwaɗa ne, amma bai kai ta tsawo ba. Yawancin waɗanda ake kawowa kasuwa ba su wuce santimita 30 ba. Ƙurungu iri-iri ne. Masana sun ƙidaya fiye da iri 100, kuma duka a Afirka suke.

Jikin ƙurungu ba ya da ɓawo irin na karfasa. Fata ce mai santsi. Amma kansa a rufe yake da ƙashi mai tauri, tun daga baki har ƙeya, kamar kwalkwalin mayaƙan dā. Yana da gashin baki guda 6. Da su yake laluben abinci cikin laka, ko da ruwa ya gurɓace. Yana cin tsutsotsi, da ƙananan dodon koɗi, da ƙwarin ruwa, da ruɓaɓɓen ganye. Da rana yakan ɓuya cikin saiwoyi ko ƙarƙashin duwatsu. Da dare ya fito kiwo.

Yaya ƙaramin kifi kamar wannan yake tsira daga giwan ruwa da tsuntsaye? Da ƙayoyinsa. Ƙurungu yana da ƙaya 3: ɗaya a gadon baya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na gefe suna da haƙora kamar zarto. In ya ji tsoro, sai ya miƙe su duka, su kafe. Babban kifin da ya haɗiye shi a haka, sai ya maƙale masa a wuya.

Ƙurungu kuma yana kuka. In aka fid da shi daga ruwa, za ku ji yana ƙara, ƙur-ƙur-ƙur. Ba da baki yake yi ba. Gindin ƙayar gefe yake gogawa da ƙashin kafaɗarsa, sai ƙara ta fito.

Wani irin ƙurungu yana iyo a rigingine, ciki sama, baya ƙasa. Ta haka yake tsintar abincin da ke bisa ruwa. Cikinsa baƙi ne, bayansa ya fi haske, don kada a hango shi da sauƙi. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun san shi. Sun zana shi a rigingine jikin bangon kaburbura, shekaru dubbai da suka wuce.

Masunta sun san halin ƙurungu. In ya faɗa koma, ƙayoyinsa suna sarƙewa da zare. Shi ya sa sukan karya su kafin su cire shi. Ku ma yara, ku yi hattara. Kada ku damƙi ƙurungu mai rai da tsakiyar hannu, kada kuma ku taka shi ba takalmi. Sukarsa tana da zafi ƙwarai, kuma wurin yana iya kumbura. Wanda ya soku, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya gaya wa iyayensa. In guntun ƙaya ya karye a ciki, sai a tafi likita.

Ƙurungu yana yin ƙwai lokacin da kogi ya cika ya malala cikin fadama. A nan ƴaƴansa suke girma cikin ciyawa. In kun kama ɗan ƙarami, ku maida shi ruwa. Baɗi zai yi girman da za a ci shi a miya.

Tambayoyi
1. Ina ake samun ƙurungu a Nijar?
2. Ƙaya nawa gare shi, kuma mene ne amfaninsu?
3. Da me yake yin kuka?
4. Me za ka yi in ƙurungu ya soke ka?
5. Zana ƙurungu cikin littafinka, ka nuna kansa da ƙayoyinsa.