Ƙaramar kyanwa ko babba: wacce ya kamata a ɗauka?

A ƙasar Faransa akwai wasu gidaje da anka gina musamman domin karnuka da kyanwoyi waɗanda ba su da mai su. Wanda ke son kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa, wasu kuma mage, sai ya tafi can ya duba, ya zaɓa, ya sa hannu ga takarda, ya biya wani abu, ya koma gida da ita. Ƙungiyar da ta fi suna ga wanga aiki ita ce SPA, wato ƙungiya mai kiyaye dabbobi, wadda anka kafa a birnin Pari a shekarar 1845. Shugabanta na farko wani lokotoro ne mai suna Étienne Pariset. Yau tana da gidaje fiye da 60 cikin ƙasar, kuma a shekarar 2022 kaɗai dabbobin da ta karɓa sun haura 44.000, fiye da rabinsu kyanwoyi.

Ta hanya biyu kyanwa ke shiga irin wanga gida. Ko dai mai ita ya kawo ta da kansa, don ya tsufa, ko zai sake mazauni, ko ya gaji da ɗawainiya. Ko kuma ma'aikatan magajin gari su kama ta tana yawo bisa titi, su kai ta furiyar, kamar yadda ake yi wa akuya mai ɓarna a garuruwanmu. Can ana tsare ta kwana 8 na aiki ana jiran mai ita. In bai zo ba, sai a miƙa ta ga gidan ajiya. In kuwa babu gidan da ke da wuri, doka ta yarda a kashe ta bayan lokotoron dabbobi ya ba da shawara. Ke nan duk kyanwar da ta daɗe ba a ɗauke ta ba, ta tare wurin wata da ke jira, kuma mai jiran ba lalle ta rayu ba.

To, abin da ma'aikatan waɗannan gidaje ke gani kowace shekara shi ne: daga watan Afrilu zuwa Oktoba ɗiyan kyanwa na shigowa da yawa, domin lokacin haihuwarsu ke nan a can, kuma ba su daɗewa. Kowa ya shigo, hannunsa wajen ƙaramar ke zuwa. Babbar kuwa, mai shekara biyar ko takwas, tana kwance a lungu tana kallon mutane suna wucewa, wata bayan wata. Ba don tana da aibi ba. Ba ta iya tsalle-tsallen da ke sa yara dariya ne kurum.

Abin da ƙaramar ke ci

Masu zaɓen ƙarama suna da hujja, kuma hujjar tamu ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna cewa gara su rene ta da hannunsu ta tashi da halin gidansu. Maganar na da gaskiya, amma rabi. Masu binciken halin dabbobi sun nuna cewa lokacin da ɗiyar kyanwa ke koyon sabawa da mutum gajere ne ƙwarai, daga sati 2 zuwa sati 7 bayan haihuwa. Wadda anka riƙa ɗauka ana shafa ta cikin wanga lokaci, za ta tashi ba ta tsoron mutane. Wadda ba ta ga hannu ba, da wuya ta saki jiki daga baya. Dokar Faransa kuwa ta hana a ba da ɗiyar kyanwa ko a saida ta kafin ta cika sati 8, domin kada a raba ta da nonon uwa. Ku lissafa da kanku: ran da ta iso gidanku, babban tanƙwaran an riga an yi shi a wani wuri. Sauran halin kuma wani gado ne daga iyaye, musamman uba, wanda mafi yawan lokaci ba wanda ya san shi. Ɗaukar ƙarama dai cinikin biri a sama ne. Sai ta shekara ɗaya ko biyu za a san ko mai son cinya ce, ko mai gudun baƙo, ko mai cizo.

Sai kuma wahala. Cikinta ƙarami ne, tana bukatar abinci sau uku ko huɗu a yini. Madarar shanu da mutane ke gaugawar zuba mata ba ta karɓar yawancinsu, zawo take sa su, kuma zawo ga abin da bai kai kilo guda ba hanyar mutuwa ce. Tana hawan labule, tana tauna wayar lantarki, tana haɗiye zare, tana shigewa inda hannu ba ya kai. Da asuba, lokacin da mai gida ke son barci, ita wasa take so. In an bar ta ita kaɗai tun safe har la'asar, kamar yadda ma'aikacin biro ba shi da makawa ya yi, to hannun mutum da ƙafarsa za su zama abin farautarta, domin ba ta da ƴar'uwar da za ta rama cizo ta koya mata iyaka. Shi ya sa gidajen ajiya da yawa ke ba da shawara a ɗauki ɗiya biyu tare. Shawara ce mai kyau, amma baki biyu ne.

Allura ma tana nan. Ga sati 8 ake fara rigakafin manyan cututtuka biyu, wanda Faransawa ke kira tifus na kyanwa, mai kashe ƙanana cikin kwanaki, da wata mura mai tsanani da ke toshe hanci da idanu. Bayan sati 3 ko 4 a sake. Kafin ta kai wata 6 kuma sai a yi maganar hana haihuwa, a fiɗiye namiji, a yi wa macen aiki, domin macen na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, wani lokaci ma kafin nan. Cikin nata kwana 63 ne zuwa 65, takan haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Daga nan ne gidajen ajiya ke cika.

Abin da mutane sunka fi mantawa kuwa shi ne tsawon rai. Kyanwar da ke samun abinci da magani takan yi shekara 12 zuwa 15, wasu har 20. Wata mai suna Creme Puff a birnin Austin na Amurka ta mutu a 2005 tana da shekara 38, ko da yake wannan abin mamaki ne, ba abin lissafi ba. Yaron da anka ɗauko wa ɗiyar kyanwa ran da ya shiga lakwal, zai gama karatu ya bar gida tana nan da ranta, kuma uwarsa ce za ta ci gaba da zuba mata abinci. Dattijo mai shekara 75 da ya ɗauki ƙarama kuwa, sai ya tambayi kansa wa zai gaje ta.

Babbar, abin da ka gani shi ka samu

Hali zanen dutse. Ga babbar kyanwa, wanga magana alheri ce. Ma'aikatan gidan sun zauna da ita, sun san ko tana jure yara, ko tana faɗa da ƴan'uwanta, ko tana firgita da kare, ko mai son fita ce. In mai ita ne ya kawo ta, akwai ma labarinta a rubuce. Ta riga ta iya bayan gida cikin akwatin yashi, an yi mata allura, an yi mata aikin hana haihuwa, an sa mata shaida, kuma gidaje da yawa na gwada jininta domin wasu cututtuka biyu masu karya garkuwar jiki, waɗanda ba su kama mutum. Takan yi barci awa 12 zuwa 16 a yini, saboda haka mai fita aiki ba ya cutar ta da rashinsa. Ga yaro ƙarami ma ita ta fi: in ya matsa mata, ta tashi ta hau bisa, ta bar shi. Ƙaramar kuwa ƙashinta bai yi ƙwari ba, riƙon yaro mai shekara uku na iya ji mata.

A ganinmu, ga mafi yawan gidaje, wato inda mata da miji ke fita nema, ko inda tsoho ke zaune shi kaɗai yana son abin da zai ɗebe masa kewa, babbar ce zaɓin hankali. Ƙarama ta dace da gidan da ba ya rabuwa da mutum, da wanda ke da wata kyanwa matashiya mai neman abokin wasa.

Sai dai a bambanta babba da tsohuwa. Mai shekara 2 zuwa 7 tana tsakiyar ƙarfinta. Daga shekara 10 zuwa sama ne jiki ke fara magana: haƙora su lalace, gaɓoɓi su yi tsami, kuma ciwon ƙoda, wanda ke yawan kama tsofaffin kyanwoyi, ya soma. Alamarsa ta farko yawan shan ruwa da yawan fitsari, sannan rama. Ba ya warkewa, amma da abinci na musamman ana jinkirta shi. Wanda ya ɗauki irin wagga ya san kuɗɗin lokotoro na jiransa, kuma rabuwa ba ta da nisa. Don haka gidaje da dama ke rage abin da ake biya ga tsofaffi, wasu ma su ba da su riƙo, ƙungiya ta ci gaba da biyan magani. Akwai kuma wahalar sanin shekaru. Kamar yadda muke buɗe bakin rago a kasuwa, haka ake duba haƙoran kyanwa: na nono 26 ne, na girma 30, kuma sauyin na ƙarewa wajen wata 6 ko 7. Bayan nan ƙiyasi ne kawai, lokotoro na iya kuskure da shekara biyu ko uku.

Kada kuma a yanke mata hukunci da abin da anka gani cikin keji. Wuri ne mai hayaniya da warin baƙi, kyanwa mai kirki ma sai ta takure ta ƙi kowa.

Gwamnatin Faransa ta gane cewa gaugawa ce ke haifar da yasarwa. Dokar ranar 30 ga Nuwamba 2021 ta tilasta wa mai ɗaukar kare ko kyanwa ya sa hannu ga wata takardar alkawari, mai bayyana abin da dabbar ke bukata da abin da za ta ci na kuɗɗi, kuma sai kwana 7 sun wuce kafin a ba shi ita. Tun 1 ga Janairu 2024 an hana ajiye karnuka da kyanwoyi ana saidawa cikin kantunan dabbobi. Wanda ya yasar da tasa kuwa, hukuncin na iya kai shekara 3 a gidan kaso da tarar yuro 45.000, wato wajen miliyan 29 da rabi na kuɗɗin sefa. Shaidar da munka ambata ita ke tona mai laifi: ko lamba cikin kunne, ko wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambar da na'ura ke karantawa.

A nan gida ba gidan ajiya muke zuwa ba, maƙwabci ne ke cewa tasa ta haihu, ko wani da anka sauya wa wurin aiki ya bar tasa. Amma zaɓin ɗaya ne, kuma mu muna da wata bukata da Bafaranshe bai cika damuwa da ita ba, wato kusu, ko ɓera, mai cin hatsi cikin rumbu da mangaza. Mai son mafarauciya ya sani cewa uwa ce ke koyarwa: tun ɗiyan na wata guda take kawo musu kusu, da fari matacce, daga baya mai rai. Wadda anka cire da wuri ta rasa wanga makaranta, kuma ko ta samu, watanni za a yi kafin ta yi amfani. Babbar da anka riga anka ga aikinta ba ta bukatar jira. Kuskure ne kuma a hana mata abinci wai don ta yi farauta: ƙosasshiya ma tana kamu, mayunwaciya kuwa gidan wani take komawa. Gafiya dai a nemi wata dabara, kyanwa ba ta cika tarar ta ba. Abu guda da bai kamata a yi sake da shi ba shi ne allurar ciwon haukan kare, wanda har yanzu yana nan a ƙasashenmu, kuma kyanwa na ɗaukarsa ta ba mutum ta hanyar cizo. Daga wata 3 ake yi, wajen ma'aikatan kula da lafiyar dabbobi.

Babbar na da wata ɗabi'a da ke sa mutane cewa ba ta da amana: wuri take riƙewa fiye da mutum, kuma in an sake ta ran da ta zo, tsohon gidanta za ta nema. Maganin abin sauƙi ne. A sa ta ɗaki guda, da ruwa, da abinci, da yashi nesa da abincin, da kwali ko kwando inda za ta ɓuya. Kada a jawo ta, kada a tara mata yara. Wata kwana biyu ta fito, wata sai sati biyu. Bayan sati 3 ko 4, in ta fara cin abinci gaban mutane tana goga kumatunta ga ƙafar gado da bakin ƙofa, to ta sa wa gidan warinta. Ran nan ana iya buɗe mata ƙofa, da safe, kafin a ba ta abinci.