Me ke cikin ledar cips ɗin dankali?

Cips dankalin Turawa ne da ake yankawa fale-fale, a soya har ya bushe ƙarau, a barbaɗa masa gishiri. Wajen suyar ne ruwan dankalin ke ƙonewa, mai ya maye gurbinsa. Giram 100 na dafaffen dankali bai kai kalori 90 ba, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Cips mai wannan nauyin ya haura 500, kuma wajen sulusinsa mai ne. Ga shi ba ya ƙosarwa, hannu sai komawa leda yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, alhali miya da dunƙule sun riga sun cinye kaso mai yawa. Masu hawan jini, ciwon suga ko ƙiba su ne a sahun gaba na masu buƙatar yin hattara da cips, sai yara 'yan makaranta.

A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano akirilamaid a cikin abinci, sinadarin da ke samuwa idan abinci mai sitaci ya sha zafin da ya wuce digiri 120. Yana jawo wa dabbobin gwaji ciwon daji, ana kuma zargin haka ga mutane. Cips ɗin da ya fi ƙonewa ya fi yawansa.