Riɗi a Ƙasar Haɗeja: Wane Iri, a Wace Gona?

Riɗi ba ya shiri da ruwa kwance. Kwana biyu ko uku saiwarsa ta yi cikin ruwa, sai ganye ya yi rawaya, kara ya langaɓe. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma ya san haka. Don haka a ƙasar Haɗeja, kafin a yi maganar iri, a fara duba gona. Fadama mai laka ta shinkafa ce. Riɗi na tudu ne, ƙasa mai rairayi da ke tsotse ruwa nan da nan, irin ta wajen Malam Madori zuwa Maigatari.

Sai kuma lissafin kwanaki. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja, wadda ke da alhakin inganta riɗi a Najeriya, tana sa wa nau'o'inta harafi a ƙarshen suna: E mai saurin nuna, M matsakaici, L mai jinkiri. NCRIBEN 03L yakan haura wata huɗu a gona. Ya dace da inda ruwa ke daɗewa, kamar Binuwai da Nasarawa, amma a nan ruwa zai ɗauke ya bar shi da kwanso marar cika. Nau'o'in Ex-Sudan da Kenana 4 kuwa sukan nuna cikin kusan wata uku, ga ƙwaya fara tas, irin wadda masu fitarwa zuwa Japan da Sin da Turkiyya ke nema.

Abin da ya fi damuna shi ne irin da ake aunowa da kwano a kasuwa. Gauraye yake. Wani gindi ya nuna, wani yana fure. In ka jira na baya, na farko ya tsage ya zubar. In ka yanke da wuri, rabi ɗanye ne. Ka tsuguna a gindin irin wannan gona da hantsi, za ka ga ƙwaya fara fat a ƙasa, tururuwa na jida.

Manomi ya nemi tantaccen iri ta hannun malaman gona na JARDA, hukumar raya aikin gona ta jiha, ya gwada nau'i biyu a 'yan kunyoyi kafin ya cika gona. Wajen shuka a cuɗa shi da rairayi don kada ya yi cunkoso. Da zarar kwanson ƙasa ya fara rawaya, a yanke, a ɗaure, a jingine a kan leda ko daɓe mai tsabta.