Kotukutuku: Rayar da Itace Daga Iri da Reshe

A dazuzzukan ƙasar Niyu Zilan akwai wani itace da Maori, mutanen ƙasar na asali, ke kira kotukutuku, masana tsirrai kuwa suna ce masa Fuchsia excorticata. Yawancin danginsa ƙananan furannin ado ne, amma shi yakan kai tsayin mita 12, don haka babu wanda ya kai shi girma a cikinsu. Ɓawonsa yana ɓarewa kamar takarda, furensa kuma yakan fara da kore kafin ya rikiɗe ja.

Wannan itace yana cikin matsala. Wata dabba mai suna fosam, wadda aka shigo da ita daga Ostireliya a ƙarni na 19 saboda gashinta, tana cin ganyensa ƙwarai, har ta kashe shi a wurare da dama. Idan ya ɓace, tsuntsayen da ke shan zumar furensa da cin 'ya'yansa su ma sun yi rashi. Saboda haka ake rainonsa a lambu don a mayar da shi daji.

Hanya ta farko ita ce ta iri. Akan tsinko 'ya'yan da suka nuna suka yi baƙi-baƙi, a murje su cikin ruwa, a tace ƙananan ƙwayoyin. Sai a barbaɗa su a kan ƙasa mai laima ba tare da an binne ba, domin suna bukatar haske kafin su tsiro. Cikin 'yan makonni sukan fito.

Hanya ta biyu ita ce ta reshe, kamar yadda manomi ke dasa rogo. Akan yanko reshen da ya fara ƙwari, a cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashi mai laima a inuwa har ya yi saiwa.

To, wacce ta fi? Reshe ya fi sauri, amma abin da ya tsiro tamkar uwarsa ne, bai bambanta da ita ba ko kaɗan. Wasu itatuwan kotukutuku furen mace kawai suke yi, don haka wanda ya cika fili da rassan irin wannan uwa ya rasa ƙurar furen da za ta sa su yi 'ya'ya. Iri kuwa yana haifar da itatuwa mabambanta, wasu su jure cutar da ta kayar da wasu. Shi ya sa masu farfaɗo da daji suka fi dogara da irin da aka tara daga itatuwa da yawa na yankin da za a yi dashen.