Wa Ke Zaune Kusa Da Mai Naƙuda A Mashi?

A ƙauyukan Mashi, kamar sauran ƙasar Katsina da Daura, mun taso mun tarar da wata al'ada. Idan naƙuda ta kama mace, musamman mai cikin fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta, sai ta shige ɗaki ta danne ciwonta. Kuka abin kunya ne, kiran mutane kuma raki. Sau da yawa ba a aika wa ungozoma sai jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wankan jego. Sa'o'in da suka fi haɗari kuwa, mace ita kaɗai ta yi su.

A Amurka da Turai akwai matan da sana'arsu ita ce cike wannan giɓi. Ana kiran irinsu dula, kalmar da aka aro daga Girkanci. Dula ba ta karɓar haihuwa kuma ba ta ba da magani. Tana bibiyar mai ciki tun daga watannin awo, ranar naƙuda ta zauna da ita har ta sauka: ta danna mata baya, ta ba ta ruwa, ta taimaka mata sauya kwanciya, ta isar da buƙatarta ga ma'aikatan lafiya. Wani nazari na cibiyar Cochrane a 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 26 kan mata fiye da 15,000, ya nuna cewa irin wannan rakiya tana rage tsawon naƙuda da yawan yin tiyata. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai kasance tare da ita.

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Suratu Maryam ta ba mu labarin naƙudar Nana Maryam, Allah Ya ƙara mata yarda, a gindin dabino, lokacin da tsanani ya kai ta ga fatan mutuwa. Allah bai bar ta cikin wannan hali ba. An kira ta aka lallashe ta, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, aka umarce ta da ci da sha da kwantar da hankali. Littattafan tarihi kuma sun ambaci Salma Ummu Rafi'i, wadda ta yi ungozomanci a gidan Annabi (SAW), har da haihuwar ɗansa Ibrahim. Kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana saɓon Allah. Wadda ke hana mace neman taimako alhali ranta na cikin haɗari, al'ada ce kawai.

To, me ya kamata mai rakiya ta sani? Farko, iyakarta. Idan ta ga zubar jini, ko jijjiga, ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta wuce awa 12, zaman gida ya ƙare, sai asibiti. Ba ta da hurumin ɗura wa mace jiƙo don gaggauta haihuwa, balle yankan gishiri. Wanda ya taɓa shiga asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da doguwar naƙuda da aska ke jawo wa 'yan mata.

Na biyu, shiri tun kafin ranar. Garin Mashi yana kan hanyar Katsina zuwa Daura, amma ƙauyukansa sun miƙa har iyakar Nijar, kuma naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Mai rakiya ta zauna da maigida da uwar miji tun ciki na wata bakwai, a tsayar da motar da za a kira, da kuɗin da za a ajiye, da wanda zai ba da jini. Mafi muhimmanci, maigida ya ba da izinin tafiya asibiti tun yanzu, ko yana gida ko ya tafi cin rani. Malamai kuma sun halatta likita namiji ya duba mace idan lalura ta kama, babu mace a kusa.

Ba sai mun jira baƙi sun kawo mana wannan aiki ba. Muna da iyaye da yayye masu haƙuri, muna da ungozomomin da mata suka amince da su, muna da ɗalibai mata a makarantun Islamiyya waɗanda za su iya koyon alamomin haɗari daga ma'aikatan lafiya a 'yan zama kaɗan. Duk gidan da ke da mai ciki a yau, a tambaye ta wadda take so ta zauna kusa da ita, a sanar da matar tun da wuri.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarkin Musulunci.