CIWON SAIFA: WUƘA BA TA KASHE SHI

'Yan uwa fatake, dillalai da mahauta.

Dukanmu mun san al'adar kara. Da an ga saniya ta kwanta tana shure-shure, sai ka ji ana ihu, "A kawo wuƙa!" don kada ta zama mushe a yi asara biyu. To, akwai ciwo guda da wannan gaggawa ke mai da asarar saniya ɗaya ta zama ta gari duka. Shi ne ciwon saifa, wanda malaman dabbobi ke kira antaraks.

Ba mu manta da 2023 ba. Ciwon ya ɓulla a gundumar Binduri, kusa da Bawku, har aka rasa rai. Hukumomin yankin suka hana safara da yanka da sayar da dabbobi na wata guda, ga Sallar layya na ƙaratowa. Wanda ya ci bashi ya tara raguna ya san abin da muke faɗi. A watan Yuli kuma aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja, a Nijeriya.

Ƙwayar ciwon a ƙasa take zama, tana iya yin shekaru gommai ba ta mutu ba. In rani ya yi tsawo, dabba na kiwo baki a ƙasa, sai ta haɗiye ta tare da ciyawa. Saniyar da ka bari lafiya da dare sai ka iske ta a mace da safe. Baƙin jini wanda ba ya daskarewa yakan fito ta hanci da baki da dubura, ciki ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandarewa sosai. Saifarta takan kumbura ƙwarai, daga nan sunan ya samo asali.

Amma kada a feɗe don a duba. Muddin jinin ya sha iska, ƙwayar takan yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a wurin tana jiran garken baɗi. Mai fiɗa da majemi sukan kamu ta fata: ƙurji ya fito, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, galibi ba zafi. Wanda ya ci naman kuwa, ciwon ciki ne da amai da gudawar jini, kuma yana kisa. In an je asibiti da wuri akwai magani.

Malamanmu sun karantar da mu cewa yanka na halatta nama. Gaskiya ne. Sai dai wuƙa ba ta kashe ƙwayar cuta, kuma ba a halatta mana cutar da mai saye ba.

Saboda haka, in dabba ta faɗi haka kwatsam, kada a yanka, kada a cire kirgi, kada a ja ta a ƙasa. A kore karnuka da ungulaye, a sanar da sarkin fawa da malamin dabbobi. A ƙone gawar ƙurmus, ko a binne ta a rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya da mashaya. Allurar rigakafi sau ɗaya ce a shekara, kuɗinta bai kai na buhun dusa ba. Mu riƙa tambayar takardarta kafin mu ɗora shanu a mota.

Da a rufe mana kara wata guda, gara mutum ya haƙura da saniya ɗaya. Allah ya kiyaye mana dukiya da iyali, amin.